Daga Bakin Gadon Maras Lafiya Zuwa Gaban Allo: Gudu Ne Ko Ɗaukar Amana?

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, ya hore wa ɗan Adam hankalin nema. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, kowa ya san cewa a mafi yawan garuruwanmu, tun daga Birnin Ƙonni zuwa Tsarnawa da Malbaza da Dogarawa, har Badagishiri da Illela, mutumin da muke kira likita sau da yawa ma'aikacin jinya ne. Shi ne majo a gidan likitan ƙauye. Shi ke duba yaro mai zazzaɓi, ya sa wa mai gudawa ƙarin ruwa, ya yanke shawarar ko mai naƙuda za ta iya haihuwa a nan ko a garzaya da ita babban asibiti. Idan Allah ya ba gari nagari daga cikinsu, mutane sukan riƙe shi kamar ɗan gida. To, wata rana sai labari ya zo cewa zai tafi ƙarin karatu domin ya zama malamin da ke koyar da aikin jinya, ya riƙa bincike a kan yadda ake koyar da shi. Nan take sai ka ji ana cewa ya gudu, ya gaji da warin miki, yana neman ofis da laƙabi. Haka nan uban da 'yarsa ta gama makarantar jinya yakan ce karatu ya isa haka.

Wannan magana tana da nauyi, domin rayuka na cikinta. Shin wanda ya iya ceton rai da hannunsa, ya halatta ya bar bakin gado ya koma gaban allo? In ya halatta, da wane sharaɗi?

Yadda hanyar take

Kafin hukunci, wajibi ne a san abin da ake hukuntawa. A ƙasarmu ana koyon jinya a makarantun lafiya na gwamnati da ke Yamai da Damagaram, da kuma makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a manyan birane. Mai takardar bakaloriya yakan yi shekara 3 ya sami lisans. Idan yana son zama malami mai bincike, sai ya ƙara shekara 2 na masta, sannan aƙalla shekara 3 na doktora, inda zai ɗauki tambaya guda ya bi ta da hujja har ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai. Wato shekara 8 ke nan mafi ƙaranci, ban da shekarun da ya yi yana aiki a asibiti. Bayan haka ma, hawa matakan jami'a har zuwa farfesa yana hannun majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Tana auna mutum da koyarwarsa da kuma binciken da ya wallafa.

Hanyar ba sabuwa ba ce a duniya. Florence Nightingale ta buɗe makarantar jinya a Landan a 1860. A 1907 jami'ar Kolumbiya ta Amurka ta naɗa Adelaide Nutting, wadda ake ɗauka farfesar jinya ta farko. A maƙwabtanmu, jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya a 1965 domin samar da malamai da shugabannin aikin. Ƙasashe renon Faransa kuwa sun riƙa tura nasu Dakar da Yawunde, inda aka buɗe cibiyoyin babban karatun jinya da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda ba ta da nisa da Ƙonni, ita ma tana da sashen jinya.

Hujjar masu zargi

Kada mu raina hujjar masu zargi. Suna cewa: yaron da ke kwance yau tabbatacce ne, ɗaliban da za a koyar gobe kuwa zato ne, kuma ba a barin tabbas a kama zato. Suna cewa ma'aikata ba su ishe mu ba, yaya za a ɗauke mafi ƙwarewa? Gaskiya ne ba su isa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ƙiyasta ma'aikatan jinya na duniya a miliyan 29.8 a shekarar 2023, da giɓin miliyan 5.8, kuma Afirka tana cikin inda giɓin ya fi tsanani. Sannan suna cewa da yawa daga masu tafiya ba sa dawowa. Wannan ma ana gani.

Saboda haka ba za mu ce garin da majonsa ya tafi bai yi hasara ba. Ya yi. Mai yiwuwa ne wanda ya canje shi bai kai shi ba, mai yiwuwa ne wata uwa ta sha wahalar da da yana nan ba za ta sha ba. Duk wanda zai ɗauki wannan hanya ya san cewa wasu ne ke biyan kuɗin tafiyarsa da jikinsu, ya riƙe wannan a zuciyarsa a matsayin bashi.

Amsa

Sai dai a tambayi manoman albasa na Galmi. In an yi girbi, kasuwa ta buɗe, motoci sun jeru suna jiran kaya, manomi mai hankali yakan ware albasa mafi kyau ya ƙi sayarwa, ya adana ta domin ya sake dasawa ta fitar da iri. Kuɗin da zai karɓa yau tabbatacce ne, irin baɗi kuwa yana hannun Allah, amma babu mai ce masa wawa. Wanda ya sayar da duka, ko ya ware ruɓaɓɓiya domin iri, shi ne zai yi kuka. Aikin jinya ma haka yake: in an ce duk nagari ya tsaya bakin gado har ya tsufa, wa zai koyar da masu zuwa? Za a bar aji ga wanda bai iya ba, ko ga likitan da bai taɓa kwana yana juya maras lafiya ba, ko ga yaron da ya gama bara.

Mu yi lissafi na misali. Malamin da ke yaye ɗalibi 40 a shekara, in ya yi shekara 20 ya yaye 800. In ya koya musu daidai yadda ake auna maganin yaro da nauyin jikinsa, hannu 800 ne ke aunawa daidai a garuruwan da bai taɓa takawa ba. In ya koya musu kuskure, haka kuskuren zai yaɗu. Ingancin karatu kuwa yana bayyana a kan gado. Wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda ya duba asibiti 300 a ƙasashen Turai 9, ya gano cewa duk inda masu digirin jinya suka ƙaru da kashi 10 cikin 100, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata yana raguwa da kashi 7 cikin 100.

Malamanmu sun riga mu gane wannan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa ilimin magani cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumid Din, ya kuma koka da yadda za ka sami gari cike da masu fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. Ƙa'ida kuwa sananniya ce a usulu, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. In jinya farilla ce a kan al'umma, to samar da mai koyar da ita farilla ce. A Suratut Tauba, aya ta 122, Allah ya hana muminai su fita gaba ɗaya, ya yi umarni wani sashe ya keɓe ga neman sani domin amfanin sauran. Ayar tana magana a kan ilimin addini, amma hikimar rabon aiki da ke cikinta a bayyane take: ko a lokacin da ake matuƙar bukatar hannuwa, ba a rufe makaranta.

Kukan Gazali ya shafe mu kai tsaye. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun yi rubuce-rubuce a kan lafiyar jiki da magani, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta horar da jajis, mata malamai da ke zagaya ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu mata. Wato ta gane cewa horar da mai koyarwa ya fi koyar da mutum ɗaya nisa. Amma a wannan ƙasa tamu, asibitin da ya fi shahara shi ne wanda mishan ta SIM ta buɗe a Galmi a 1950, kuma shekara sama da 70 jama'armu suna samun magani a can. Adalci ne a gode wa wanda ya yi alheri. Adalci ne kuma mu tambayi kanmu: mu jikokin waɗancan malamai, malaman jinya nawa muka haifa, nawa muka ɗauki nauyin karatunsu?

Sa hannun malami shaida ce

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai son wannan hanya, nauyi ka ƙara, ba ragewa ka yi ba. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito cewa mai yin magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ya yi. To, a zamaninmu ta yaya ake sanin mutum da sani? Ta takardar shaida. Wa ke sa hannu a kanta? Malami. Talakan da ya miƙa hannun ɗansa a yi masa allura bai jarraba kowa ba, ya dogara ne da shaidar malamin da bai taɓa gani ba.

Saboda haka malamin da ya ba da sakamakon cin jarrabawa ga ɗalibin da ya san bai iya ba, ko domin kuɗi, ko domin ɗan wane ne, ko domin kada makaranta ta rasa masu biya, ya yi shaidar zur, wadda take cikin manyan zunubai. Shaidar zur a gaban alƙali takan cinye gona ɗaya, wannan kuwa tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya tsawon shekarun aikin ɗalibin. Wannan gargaɗi ya haɗa da masu buɗe makarantun lafiya su cika aji da ɗalibai ba tare da isassun malamai ko wurin gwajin aiki ba. Ya haɗa kuma da iyayen da ke zuwa roƙon a ɗaga wa ɗansu ƙafa. Tausayin ɗalibi ɗaya a nan rashin tausayin marasa lafiya dubu ne.

Me ya kawo bincike?

Idan mai tambaya ya ce: mun yarda da koyarwa, amma mene ne amfanin bincike a kan koyarwa, ai kowa ya san yadda ake karantarwa? Sai mu ce: malami yana iya shekara 30 yana koyarwa da hanyar da ba ta zama a hannun ɗalibi, bai sani ba, domin ɗalibai suna cin jarrabawa. Abin da ke faruwa bayan shekara guda, da tsakar dare, a ɗakin haihuwa, ba ya zuwa kunnensa sai in ya je ya ƙirga.

Ga misali daga asibitin Haydom da ke karkarar Tanzaniya. An horar da ungozomomi da ma'aikatan jinya na yini ɗaya a kan yadda ake taimakon jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba, ta amfani da jaririn roba da 'yar jakar hura iska. Da aka gwada su a kan robar bayan watanni, an ga sun ƙware. Da masu bincike suka tsaya a ɗakin haihuwa suna kallo, sai suka ga aikin bai canza ba. Sai aka sauya dabara: aka ajiye jaririn robar a wurin aiki, ana maimaita gwaji na 'yan mintuna a kai a kai. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna mutuwar jarirai a yinin farko ta sauka daga kusan 11 zuwa kusan 7 cikin kowace haihuwa 1000. Darasi ɗaya ne, kayan aiki ɗaya, mutane ɗaya. Yadda aka koyar ne kawai ya bambanta, kuma jariran da suka rayu su ne ribar wanda ya tsaya ya ƙirga.

Mu da muka taso a makarantar allo ba mu da dalilin mamaki. Mun san abin da aka haddace aka daina tilawarsa yakan gudu, mun san amfanin muraja'a. Abin da mai bincike ya ƙara shi ne awo: sau nawa, tsawon wane lokaci, da wace shaida. Irin wannan awo yana da asali a wurinmu. Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen 925, ya ba da labarin yadda ya raba masu alamun ciwon sarsam kashi biyu, ya yi wa wasu tsagar fitar da jini ya bar wasu da gangan, domin ya ga bambanci kafin ya yanke ra'ayi. An daɗe da barin wannan magani, amma hanyar kwatantawa ta zauna. Malaman hadisi ma ba su karɓi ruwaya domin kyawun fuskar mai ita ba, sai da suka auna riƙonsa.

Akwai kuma tambayoyin da babu mai bincika mana su sai 'ya'yanmu. Ɗalibi yana karatu da Faransanci, maras lafiya yana kuka da Hausa ko Tamashek ko Fulatanci: ta yaya za a koya masa ya bayyana wa tsohuwa adadin magani har ta gane, kuma ta yaya za a tabbatar ta gane? Uwa ta ce ɗanta haƙori ne ke damunsa alhali ruwan jikinsa ne ya ƙare: ta yaya zai saurare ta ba tare da ya wulaƙanta ta ba? Wanda ya koyi aiki a babban asibitin Yamai, ta yaya za a shirya shi ya zauna shi kaɗai a ƙauyen da ke bayan Illela, inda hanya ke yankewa da damina? Littafin da aka rubuta a Faransa ba zai amsa waɗannan ba.

Sharuɗɗa

To, hukuncin da ya bayyana shi ne wannan hanya halal ce, kuma ga wanda Allah ya ba baiwar koyarwa tana iya zama ita ce ta fi dacewa da shi. Amma da sharuɗɗa.

Na farko, kada ya shige ta sai ya yi aikin da hannunsa shekaru, kuma kada ya yanke da asibiti bayan ya shiga. Malamin jinyar da ya daɗe bai nemi jijiyar jariri ba, labari yake bayarwa. Rufaida Al-Aslamiyya, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu a tantinta bayan yaƙin Handaƙ a shekara ta 5 bayan hijira, da aikin hannunta aka san ta.

Na biyu, gaskiya a lissafi. Tun da ƙarin girma yana rataye da yawan abin da aka wallafa, shaiɗan yakan raya wa mutum ya kwafi aikin wani, ko ya gyara adadi domin sakamako ya yi kyau, ko ya ɓoye gwajin da bai yi nasara ba. Masu binciken Haydom sun bayyana cewa horonsu na farko bai canza aiki ba, kuma wannan gaskiya ce ta buɗe hanyar gyara. Da sun ɓoye, da an ci gaba da horon yini ɗaya ana ganin an yi aiki.

Na uku, kiyaye mutuncin waɗanda ake bincike a kansu. Jama'ar Hausa ba su manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200. Iyaye suka kai ƙara cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano. Wancan gwajin magani ne, amma tabon da ya bari ya shafi duk mai zuwa da takarda da alƙalami. Don haka ko tambayoyi kawai za a yi wa maras lafiya ko ɗalibi, a gaya masa dalili da harshen da yake ji, a ba shi damar ya ƙi ba tare da tsoro ba, a rufe asirinsa.

Na huɗu, biyan bashi. Wanda aka ɗauke daga ƙauye ya tuna da ƙauye: ya kai ɗalibansa gwajin aiki can, ya zaɓi tambayar bincikensa daga wahalar mutanen can, ya koma ya gaya musu abin da ya gano. Laƙabi kuwa, in ya zo, ba laifi. In shi aka fita nema, to hadisin niyya ya ishe mu gargaɗi.

Rabon jama'a

Farillar kifaya ba ta sauka a kan mutum ɗaya. Mu da ke son matanmu da 'ya'yanmu mata su sami mace ta duba su, mu sani cewa sai da malamai mata ake samun hakan, malama kuwa sai an yi haƙuri da dogon karatunta, uba ya yi, miji ya yi. Attajiranmu da ke gina masallatai, Allah ya saka musu, su sani cewa ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya har ya zama malamin jinya yana cikin ilimin da ake amfana da shi, wanda hadisin Muslim ya lissafa cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa da mutuwa. Idan kuma majon garinmu ya zo sallama zai tafi wannan karatu, maimakon zargi mu riƙe shi da alkawari: ya koyar da gaskiya, kada ya sa hannu ga wanda bai iya ba, kuma ya aiko mana da ɗaliban da suka fi shi. Sannan mu nemi hukuma ta kawo madadinsa kafin ya tashi, domin wannan haƙƙinmu ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da malamansu da alheri, ya tsare mu daga shaidar zur da ilimin da ba ya amfani. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.